Kunnen Auta na Hagu

Ni ce na mayar da ƙanwata gidan mijinta har sau 3, kuma a karo na ƙarshe da hannuna na ɗaukar mata jaka. Na fara da wannan ne domin kada mai karatu ya zaci zai karanta labarin wata jaruma da ta ga zalunci ta tashi tsaye. Abin da na yi shekara da shekaru shi ne na gani na kawar da kai, kuma na yi haka ne da sunan addini da zumunci da rufin asiri, ina ganin alheri nake yi mata.

Auta muke ce mata domin ita ce ƙaramarmu, kuma na girme ta da shekara 11. Tun da mahaifinmu ya rasu na zama kamar uwa ta biyu a gare ta, har ta kai Inna ba ta yanke wata shawara a kanta sai ta ji ta bakina. Mijin da ta aura mutum ne mai fara'a a waje, mai ladabi idan yana gaban manya, wanda ko a mafarki ba za a ce zai iya ɗaga wa mace hannu ba. Saboda haka ranar da ta fara zuwa mini da kumburarren leɓe, tambayar da ta riga komai fita daga bakina ita ce, "Me kika yi masa?" Har yau ina tuna kallon da ta yi mini. Babu fushi a cikinsa, kallo ne irin na wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji an ƙara sa mata sakata daga ciki.

A zuwanta na biyu muryarta ta dushe, kuma akwai shatin yatsu a wuyanta wanda take ta jan mayafi tana rufewa. Ta ce, "Yaya, shaƙe ni ya yi, har sai da na daina gani." Na ce mata ta yi haƙuri, ta dage da addu'a, kowace mace da ta gani zaune a ɗakinta akwai abin da take haɗiyewa, kuma mahaƙurci mawadaci ne. Na kira mijin, ya zo ya sunkuyar da kai, ya yi rantsuwa, har da ƙwalla, ni kuwa na koma ina jin daɗi cewa na gyara aure.

Na uku a asibiti muka haɗu. Mari ne ya sauka a kan kunnenta na hagu, kuma da na iso akwai busasshen jini a gefen wuyanta. Da ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya faru, kafin Auta ta buɗe baki na riga ta, na ce zamewa ta yi a banɗaki ta bugu da bango. Likita ya haska kunnen da ɗan fitilarsa, ya ce dodon kunnen ya fashe, sa'an nan ya dube ni ya ce in ɗan ba su wuri. Na ƙi fita, na ce ƙanwata mai kunya ce, ba za ta iya magana ba sai ina kusa. Ya sake roƙona, na sake ƙi, ya rubuta magani ya sallame mu. Ya faɗa mana cewa irin wannan rauni yakan warke da kansa cikin makonni idan an kiyaye shi, amma nata bai samu wannan damar ba, domin kafin ya haɗe wani marin ya sake sauka a wurin, ya yi ruwa, kuma daga nan kunnen bai ƙara ji ba. Bayan shekara 2 ta kwashi 'ya'yanta da dare ta tafi wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ba ta biyo ta wurina ba, kuma a kotu auren ya ƙare. Shekara 4 muka yi babu abin da ke haɗa ni da ita sai gaisuwa.

Wata abokiyar aikina, Kirista, ita ce sanadin shigata tattakin addu'ar da nake son ba da labari. Na lura duk ranar Alhamis baƙaƙen kaya take sawa, sai wata rana na tambaye ta cikin raha ko wa yake mutuwa a danginsu kowane mako. Ba ta yi dariya ba. Ta ce al'amari ne da Majalisar Majami'u ta Duniya take kira a kansa, a sa baƙin tufafi kowace Alhamis domin nuna ƙin fyaɗe da cin zarafin mata, kuma ɗaya daga cikin tushensa shi ne iyaye matan Ajantina waɗanda gwamnatin soja ta ɓatar da 'ya'yansu. Tun daga 1977 matan nan suke fitowa dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar shugaban ƙasa, sanye da fararen ɗankwali, kuma da 'yan sanda suka ce an hana taro, kowa ya motsa, sai suka motsa ɗin, suka riƙa zagaya dandalin bibbiyu, suka mayar da shi abin yi kowace Alhamis. Ta ce akwai wani tattaki na kwana 3 da mata Musulmi da Kirista suke shiryawa, ta ce in zo. Gaskiya rakiya kawai na yi niyya, kuma a raina ina cewa me tafiya a ƙasa za ta yi wa namijin da ya saba duka.

Mun taru da asubahin 25 ga Nuwamba, mu kusan 60, yawancinmu mata, sai maza ƙalilan, a cikinsu akwai wani dattijon limami da wani fasto. Dokokin ba su da yawa. Ba a ihu, ba a zagin kowa, kuma idan an tsaya a zango kowa zai yi addu'a bisa addininsa ba tare da an cakuɗa ba. An ba kowa 'yar takarda ya rubuta sunan mace ɗaya da yake tafiya dominta, ya ninke ya riƙe, amma an ja mana kunne cewa matar da take raye ba a faɗin sunanta a fili sai da izininta, domin asirinta nata ne. Na daɗe riƙe da biro kafin na rubuta sunan Auta na yanka.

Kafin mu tashi, jagorar tafiyar ta faɗa mana dalilin da ya sa aka zaɓi wannan rana. A ranar 25 ga Nuwamban 1960 aka kashe wasu 'yan'uwa mata 3 a Jamhuriyar Dominika, Patria da Minerva da Maria Teresa Mirabal, waɗanda suke adawa da mulkin kama-karya na Rafael Trujillo. Suna dawowa ne daga ziyarar mazajen biyu daga cikinsu da ke kurkuku aka tare su a hanya, aka kashe su tare da direbansu, sa'an nan aka mayar da gawarwakin cikin motar aka tura ta cikin kwazazzabo domin a ce hatsari ne. A 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ranar a matsayin ranar yaƙi da cin zarafin mata, kuma tun 1991 ake yin kwana 16 na faɗakarwa daga ranar zuwa 10 ga Disamba. Sauran mutane suna jin tarihin wata ƙasa mai nisa, ni kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro, wato "hatsari". Waɗanda suka tura motar nan aikinsu ɗaya ne da nawa a gaban ma'aikaciyar jinya, su da kwazazzabo, ni da banɗaki.

Da rana ta take muka tsaya a inuwa, jagorar ta ce mu jeru mu ƙirga kanmu ɗaya, biyu, uku, duk wadda uku ta faɗa a kanta ta matsa gaba taki guda. Da muka gama ta ce wannan shi ne ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya, kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma mafi yawansu a hannun miji ko wanda suke tare da shi. Ta ƙara da cewa bisa rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2023 kaɗai mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko danginsu, wato kusan 140 a kowace rana. Ban taɓa iya riƙe manyan alƙaluma a kaina ba, amma ganin matan da suka matsa gaba ya sa na shiga ƙirga matan gidanmu a zuci, kuma ban kai ƙarshe ba na daina, domin na gane na san amsar tun da daɗewa.

A yini na biyu ƙafafuna sun yi bororo, na koma baya inda masu tafiya a hankali suke, kuma a nan na haɗu da wata tsohuwa mai dogara sanda wadda ta ƙi shiga motar da aka tanada domin gajiyayyu. Mun yi tafiya mai nisa ba mu ce wa juna komai ba. Da muka iso bakin wata maƙabarta aka tsaya addu'a, sai ta fito da takardarta ta buɗe, domin wadda ta rubuta ba ta da sauran asirin da za a rufa mata. 'Yarta ce, kuma da ciki ta rasu. Ta dube ni ta ce, "'Yata, ke wa kika riƙo?" Na ce, "Ƙanwata ce, Mama, tana nan da ranta." Ta ce, "To ki gode wa Allah. Ni ma haƙuri na yi ta ba tawa, kuma ta ji maganata, ta yi haƙurin har ta gama." Ban ba ta labarina ba, kuma ba ta tambaya ba, amma ina jin ta gane, domin daga nan ta miƙo mini hannunta na riƙe har zango na gaba.

Zangon kuwa ƙofar wani asibiti ne, inda wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ta yi magana ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce wadda aka yi wa fyaɗe ta hanzarta zuwa asibiti, domin maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar kanjamau dole ne a fara shan sa cikin awa 72, kuma iyalai da yawa suna cinye waɗannan awannin ne wajen shawarar yadda za a ɓoye maganar. Ta ce duk matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, a ɗauka tana cikin babban haɗarin kisa ko da babu wani rauni da ido ke gani, kuma lokacin da mace take shirin tafiya, ko ta tafi ba da jimawa ba, yana cikin lokutan da suka fi haɗari, saboda haka ba a ce mata ta fita kawai ba tare da an shirya inda za ta sauka ba. Daga ƙarshe ta ce idan likita ya nemi ɗan rakiya ya fita, a taimaka a fita, domin tambaya yake so ya yi wadda ba za a iya amsa ta a gaban kowa ba, kuma sau da yawa wanda ya ƙi fita shi ne mai laifin ko mai rufa masa asiri. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana. Shekara 6 ke nan ina faɗa wa kaina cewa tausayi ne ya hana ni fita daga ɗakin nan.

Da dare muka sauka, bayan sallar isha'i dattijon limamin ya zauna da mu mata Musulmi. Na zaci zai karanto mana falalar haƙuri, sai ya buɗe surar Mujadala, ta 58 a Alƙur'ani. Ya ba mu labarin Khaula 'yar Sa'alaba, wadda mijinta Ausu ɗan Samitu ya yi mata zihari bayan ta manyanta, ya ce ta zama kamar bayan mahaifiyarsa a gare shi, ya bar ta ita ba matar aure ba, ita ba sakakkiya ba. Ba ta zauna a ɗaki ta haɗiye ba, ta tafi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana cewa mutumin nan ya cinye ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, yanzu ya yi mata haka, kuma ta yi ta maimaita maganar tana kai ƙara ga Allah. Nana A'isha ta ce tana gefen ɗakin amma wani sashe na maganar yana ɓuya mata, sai ga aya ta sauka tana cewa lalle Allah Ya ji maganar wadda take jayayya da kai game da mijinta. Malam ya ƙara da abin da Nana A'isha ta faɗa, wanda yake cikin Sahihu Muslim, cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba, da kuma ruwayar Abu Dawuda cewa mata masu yawa sun yi ta zuwa gidan Annabi suna kai kukan mazajensu, ya ce waɗannan mazan ba su ne zaɓaɓɓunku ba.

Na kasa daurewa na ce, "Allah gafarta Malam, to ina haƙurin da aka umarce mu da shi?" Ya ce haƙuri ibada ce babba, amma ibadar wanda abin ya shafa ce, shi ne yake yin ta tsakaninsa da Ubangijinsa, ba igiya ba ce da wani zai ɗauka ya ɗaure wanda ake zalunta domin mai dukan ya ji daɗin duka. Ya ce an umarce mu mu taimaki ɗan'uwanmu ko shi ne azzalumi ko shi ake zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa, saboda haka wanda yake da ikon riƙe hannun amma ya zaɓi ya toshe bakin mai kuka, bai taimaki ko ɗaya daga cikinsu ba. Na sha jin hadisin nan tun ina yarinya, amma ban taɓa kawo shi cikin ɗakin aure ba, kamar dai akwai wata ƙofa da hukuncin zalunci yake tsayawa a bakinta ya tuɓe takalmi.

Da na koma makwanci na tarar da abokiyar aikina idanunta sun yi ja. Ta ce su kuma labarin Tamar 'yar Sarki Dawuda suka karanta, wanda yake cikin littafin Sama'ila na biyu, sura ta 13, yadda ɗan ubanta Amnon ya yi mata fyaɗe, ta fito tana kuka da toka a kanta, wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, ɗan'uwanta ne, mahaifinsu kuma ya husata ƙwarai amma bai hukunta kowa ba. Muka kwana kusa da juna, kowa da littafinsa, kowa kuma da wanda ya gane a cikin labarin.

Ba zan ce komai na tattakin ya burge ni ba. Akwai waɗanda hoto ya kawo su, akwai kuma wasu manya da suka iso a mota ana saura ƙiris a gama, suka sa riguna masu ruwan goro irin na gangamin, suka shiga sahun gaba. A bakin hanya wasu samari sun yi mana ihu cewa mu koma gida mu kula da mazajenmu, kuma ban san namiji ko ɗaya da aka kama saboda mun wuce ta unguwarsu ba. Sai dai a safiyar yini na uku na ga wata mata ɗauke da bokiti ta shigo cikinmu kamar hanya ce ta haɗa mu, ta jera da ma'aikaciyar jinyar nan suna magana ƙasa-ƙasa. Aka miƙa mata takarda mai lambar wayar masu ba da agaji, ta ƙi karɓa, ta ce yana bincike mata kaya. Sai aka riƙa karanta mata lambar tana maimaitawa, kuma da ta ware ta shiga wani lungu ina hango leɓɓanta suna motsi, tana biya ta kamar mai hadda.

A ƙofar kotu muka kammala. Aka ce duk mai son ya faɗi wani abu kafin addu'ar ƙarshe ya fito. Masu riƙe da sunayen mamata suka karanta, tsohuwar nan ta karanta nata da murya mai ƙarfin da ban zaci tana da ita ba. Ni ba ni da izinin faɗin sunan da ke hannuna, amma na ga akwai abin da yake nawa ne, wanda ba sai na nemi izinin kowa ba. Na fito na ce ina da ƙanwa wadda mijinta ya kurmantar da kunnenta, kuma ni ce na ce wa likita zamewa ta yi, ni ce na ƙi fita daga ɗakin, ni ce na ɗaukar mata jaka na mayar da ita. Babu wanda ya tafa, babu kuma wanda ya ce mini ba komai, kuma na gode musu da ba su faɗa ba.

Bayan mako guda na tafi gidan Gwaggo. Na sami Auta a zaune tana ninke kayan yara, muka gaisa irin gaisuwar da muka saba, na zauna kusa da ita. Ban iya kallonta ba, sai na kafa ido a ƙasa na fara magana a hankali, na faɗi duk abin da na shirya a hanya, tun daga tambayar farko da na yi mata har zuwa jakar, na roƙe ta gafara, ina kuka. Na gama na jira, ita kuwa tana ta ninke kayanta. Can ta juyo ta ga fuskata, ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce, "Yaya, idan magana kike yi ki dawo ta nan. Wannan ba ya ji."

Na tashi na zagaya ta damanta, na sake faɗa tun daga farko, wannan karon da ƙarfi, har Gwaggo ta leƙo daga ɗaki ta koma. Auta ta saurara har na kai aya, ta yi shiru mai tsawo, sa'an nan ta ce, "Ranar nan a asibiti, da kin fita, da na faɗa masa. Na riga na shirya abin da zan ce." Ba ta ce ta yafe ba a ranar, ni ma ban matsa mata ba. Ta ɗauko rabin kayan da ke gabanta ta tura mini, muka ci gaba da ninkewa har aka kira magariba.